Majigin Mai Girma Ba Ya Son Hannu

Jama'a, shekaranjiya saura ƙiris a yi waje da ni daga taro saboda na kori ƙuda. Ban zagi kowa ba, ban jefi kowa ba. Ƙuda ne ya sauka a kan hancina, na kai masa hannu kamar yadda kowane ɗan Adam zai yi, sai ga mai gadi a kaina yana huci, wai ina yi wa ci gaba zagon ƙasa.

Bari in faro muku daga tushe. A bakin titinmu akwai jerin shaguna, na tsakiya na Gwaggo mai ɗinki ne. Ba gwaggona ba ce ta jini, amma duk layin haka muke kiranta, don babu wanda bai taɓa kai mata yagaggen wando ba. Tun rasuwar maigidanta da wannan keken take ciyar da jikokinta. Kwanaki raɗe-raɗi ya cika unguwa cewa za a faɗaɗa titi, kuma shagunan na cikin abin da za a kwashe. Sai masu tsara gari suka aiko cewa za a yi taron jin ra'ayin jama'a, mai ƙorafi ya zo ya faɗa. Gwaggo ta ce in raka ta, tunda ni ne mai dogon baki a unguwa. Ba cewa za ta yi kada a yi titi ba. Roƙonta ɗaya ne, a nuna musu inda za su koma kafin a rushe, kuma ta yi ta bitar maganar a bakin keke har jikokin suka haddace.

Na leƙa shagon maƙwabcina mai aski na ce ya zo mu je. Ko ɗagowa bai yi daga kan da yake askewa ba.

"Na taɓa zuwa irinsa," in ji shi. "An ce taron jin ra'ayi ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Mun ji nasu."

Na ce masa wannan karon daban ne, an ce an gyara zauren taron, an zuba kayan zamani. Ya ce to in gaishe su.

Gani ya kori ji. Rufin yana nan yadda na san shi, har da bokitin tarar ruwa a kusurwa. Kujerun ma su ne dai, masu cizon wando. Amma bango guda, na gaba, yana ta ƙyalli cikin wani fenti mai ruwan toka, an kewaye shi da igiya kamar rijiya. Wani injiniya mai ɗamammen kwat ya yi mana bayani: fentin daga ƙetare aka kawo shi, an yi shi ne musamman don hasken majigi, ya fi kowane farin ƙyalle fitar da hoto. Sai dai ba ya son yatsa, ba ya kuma son rana. Shi ya sa aka toshe tagogi da katako. A saman bangon kuma akwai wani ɗan ido, bai fi na kaza ba, shi ke kallon hannu. Babu rimot, babu maɓalli. Ka kaɗa hannu dama shafi ya wuce, ka kaɗa hagu ya dawo. Fanka ma an kashe, wai juyawarta na ruɗa idon.

Ni dai na yaba. Asibitin da ke bayan zauren, rabon bangonsa da fenti tun ina da gashi a ka, amma ai shi ba a haska masa hoto, ciwo kawai ake kai masa.

Muna nan muna dahuwa cikin duhu har rana ta yi tsaka, sannan Mai Girma Uban Alkawura ya iso. Ban ga laifinsa ba. Ni da na kwana biyu a layin mai na san yadda layin ya tare hanya, dole manyan motoci su sha wahalar ratsa mu. Allah Ya ƙara masa haƙuri da mu.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce Mai Girma da hannu yake magana. Da ya ce, "Za mu share muku hawaye," ya share iska da tafinsa, shafuka suka bi ta gabanmu a guje. Ya nuna gabas yana zancen gobe, majigi ya koma baya. Ya buga ƙirji, hoto ya kumbura har muka ga hancinsa ya cika bango. Can taswirar unguwarmu ta fito, da wani jan layi da ya ratsa ta kan shaguna. Gwaggo ta mintsine ni tana tambaya ko titinmu ne wancan. Kafin in ware ido Mai Girma ya ɗauki hankici ya share gumi, taswira ta tafi, wasu furanni suka maye gurbinta.

Injiniya ya jiƙe sharkaf. Amma wa ya isa ya ce wa Mai Girma ya tsayar da hannunsa? Sai laifin ya gangaro inda ya saba gangarowa. Aka sanar cewa motsin jama'a ne ke dagula na'ura, don ita ba ta bambance hannun babba da na ƙarami. Kun ji rashin tarbiyya. Saboda haka kowa ya ɗora hannu a cinya, masu fifita su ajiye, wanda ya motsa a fitar da shi. Ana cikin haka ne ƙudan nan ya zo, sauran kun riga kun ji.

Da jawabi ya ƙare, Mai Girma ya dube mu da fara'a ya ce, "Mu ba ma yin komai sai da yardarku. Duk mai ja da wannan tsari ya ɗaga hannu."

Masu gadi na tsaye a bakin kowane layi suna zare ido. Masu shaguna suka kalli juna, suka kalli cinyoyinsu. Ni mai dogon baki, da aka riga aka ja wa kunne, na zauna kamar an dasa ni. Sai na ji kujerar gefena ta yi ƙara. Gwaggo ce ta miƙe, ta ɗaga hannunta sama ta tsayar.

Ashe a wurin na'urar nan, hannu a sama a tsaye yana nufin an gama. Nan take ta tsallaka shafin ƙarshe. Manyan haruffa suka cika bango: MUN GODE DA GOYON BAYANKU. Lasifika ta saki tafi da kiɗa. 'Yan rakiya suka ji tafi suka kama, Mai Girma ya miƙe yana murmushi, aka buɗe masa ƙofa. Gwaggo na ta cewa, "Ranka ya daɗe, magana gare ni," amma kiɗan ya fi ta murya. A duk zauren nan na'urar ce kaɗai ta ga hannunta.

Jiya da safe aka zo aka shafa wa ƙofofin shagunan jar alama. Da yamma ni da mai aski muka taya Gwaggo kwance keken, muka kai shi ɗakinta, muka matsar da katifar jikoki don ya samu wuri. Mai aski bai ce ai na faɗa maka ba, kuma na gode masa. Muna fita ta riƙo hannun rigata.

"Ɗan nan, kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Da ban ɗaga hannun nan ba, da an saurare mu?"

Raina ya ɓaci, har yanzu da nake wannan rubutu bai huce ba.

Af, na kusa mantawa. An ce manya sun gane kuskuren, kuma sun sha alwashin gyarawa: baɗi za a kawo na'urar da ke aiki da murya. Masu tari, ku fara neman magani.