Takardar da Na Rubuta wa Matar Wara

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarun da jihar Kebbi take sabuwa fil. Ban daɗe da gama karatun halayyar ɗan Adam ba aka turo ni wani asibiti a Yawuri, in riƙa koya wa sababbin likitocin iyali yadda ake sauraron majiyyaci da gane abin da ke ransa. Ba na allura, ba na rubuta magani. Baki ne jarina, kuma a lokacin ina da shi har ya yi yawa. (Da taye nake zuwa aiki a zafin Yawuri, ka ji irina.)

Ranar ina tare da likitoci huɗu aka shigo da wata matashiya daga wani ƙauye kusa da Wara, sun tsallako ruwa a kwalekwale ita da uwar mijinta. Jaririnta ne ba lafiya, jiki zafi rau. Tsohuwar ce ke riƙe da shi. Uwar kuwa ta raɓe a ƙarshen benci, fuskarta na kallon bango.

Na tambaye ta sunan yaron, shiru. Na ce yaushe zazzaɓin ya fara, ta ce a tambayi Inna. Yaron ya tsala kuka, ko waiwaye ba ta yi ba.

Wallahi daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Ga abin da na karanta a littafi ya kawo kansa har gabana! Na gyara taye, na juya harshe zuwa Turanci, na shiga yi wa likitocin bayanin ciwon damuwar da ke kama mace bayan haihuwa har ta juya wa abin da ta haifa baya. Suna ta rubutu, kaina na ƙara girma. Na jawo takarda na rubuta a kai ta asibitin masu taɓin hankali, a raba ta da yaron tukuna. Da takardar nan ta isa ƙauyensu, sunan mahaukaciya ya bi ta ke nan har abada.

Sista Ladi, wata dattijuwar nas 'yar Kambari daga wajen Ngaski, tana tsaye tana jin mu. A hankali ta ce, "Malam, kai ɗa na nawa na ga Innarka?"

Na ce, "Na fari."

"To, mi taka kiranka?"

Tun da aka haife ni Innata ba ta taɓa furta sunana ba. "Wancan" take cewa. Ranar da na dawo da digiri ma ƙanwarta ta turo ta yi mini barka. Ashe matashiyar nan ma kunyar ɗan fari take yi, a gaban suruka kuma, abin da duk mai tallan kifi a bakin ruwa ta sani. Wani likita ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sista ta karɓi jaririn, ta aiki tsohuwar karɓo kati. Ƙofa na rufuwa uwar ta yi wuf ta rungume ɗanta, hawaye shar. Ta zayyana komai: kwanansa uku bai kama nono sosai ba, jiya da azahar kuma ya sanƙare, idanu suka juye. Wannan ko kakar ba ta sani ba. Nan take likitocin suka watsar da littattafan rubutunsu suka rufu a kansa, kuma Allah ya tashi kafaɗunsa.

Da ɗakin ya watse Sista ta ɗaga takardata da yatsa biyu. "Malam, wagga fa, ina za a kai ta?" Na karɓa na yayyaga da hannuna. Ba ta sake tayar da zancen ba har ta yi ritaya, kuma har gobe ina yi mata addu'ar alheri, don ta ceci matar nan daga alƙalamina, ni ma ta cece ni.

Na yi shekara da shekaru ina koyarwa bayan nan, kuma da wannan labarin nake tarbar kowane sabon aji. In sun gama dariya sai in ce musu: kafin ka buɗe littafi a kan uwar wani, ka fara tuna taka.