Ragon Layya da Na'urar Gasa Fiza

Saura kwana uku Tabaski, wato Babbar Sallah, na ga na'urar gasa fiza, burodin nan mai faɗi kamar faifai, wajen 'yan gwanjo a kasuwar Adjamé, girmanta kamar firij biyu. Ƙarti huɗu suka ɗaga ta da kyar, na ce to wannan ita ce. Mai kayan ya ce, "Baba, buɗe ka duba cikinta mana." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake sayayya.

Ina isa da ita unguwarmu Treichville na tara matan gidan hayarmu, na hana kowa sayen gawayi. Bana ragon kowa ɗungurum zai shiga, mun waye.

Ranar Sallah sai da aka feɗe raguna biyar sannan na buɗe murfin da bismilla. Ashe duk girman nan bulo ne, bakin kuwa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ko cinya ta ƙi shiga. Matata Hajiya ta ce, "Alhaji, ko a kawo dutsen guga a goge ragon?"

Gawayi ya ƙare a kasuwa, bencina biyu muka faskara.

Har yau da Tabaski ta matso, maƙwabcina Idi tela zai ƙwala mini kira: "Alhaji, jirgi ya sauke shimfiɗaɗɗun raguna, in kama maka ɗaya?"