Tuwon Madarar Alhaji Barau

Ku da kuke ɗokin ritaya, ku tsaya ku ji abin da ta yi wa maƙwabcinmu Alhaji Barau na Tudun Jukun a Zariya. Bawan Allahn nan ya yi shekara da shekaru yana aikin duba-gari, masu tuwo-tuwo na hango shi su hau rufe tukwane, har ranar da aka ce ya ajiye aiki ya je ya huta. Da farko ya ji daɗi. Ya yi barci har barci ya gaji da shi, ya saurari rediyo har ya haddace muryar mai sanarwar rasuwa. Ana nan sai 'yarsa da ke aure a Kaduna ta aiko masa da babbar waya, ya ci karo da masu koyar da girki a bidiyo. Tun daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba.

Ya fara da dambu, ya fito kamar yashin gini. Ya koma miyar taushe, wadda kyanwar gidan ta sansana sau ɗaya ta yi ƙaura zuwa gidanmu, har yau tana nan. Daga baya ya ce ai baiwarsa a kayan zaƙi take, ya tare a kan tuwon madara.

Matarsa Hajiya Tabawa kuwa ita ma tana da nata abin sha'awa. Ta koyi haɗa sabulun wanka a wajen wata ƙawarta, ba don sayarwa ba, don dai ta riƙa ba 'yan'uwa in sun kawo ziyara. Takan zuba shi a tire, in ya daskare ta yayyanka shi ƙanana, fari sol, yana ƙamshin lemon tsami. To tire-tiren gidan da wuƙar yanka su ne suka zama abin rigima kullum, don shi ma Alhaji da su yake aiki.

Ranar da ya ƙone gindin tukunyar da ta zo da ita tun ranar aure, Hajiya ta ce tura ta kai bango.

"Alhaji, don girman Allah ka fita mini daga kicin. Ka koma majalisa wajen sa'o'inka, ku yi ta zagin gwamnati kamar kowa."

"Hassada ce ke damunki, Tabawa. Kin ga na kusa ƙwace miki sarauta."

"Wace sarauta? Wa ya taɓa cin abinka ya ce a ƙaro?"

"Ai ku 'yan gida ba ku san darajar na gida ba. A samo baƙo mai gaskiya ya ɗanɗana."

Nan suka yi yarjejeniya. Za a kira Malam Tanimu, limamin masallacin unguwa, dattijon da idonsa ya yi rauni amma harshensa bai taɓa karkata ba. In ya ce tuwon madarar ya yi, Alhaji zai ci gaba da shiga kicin ba mai ce masa uffan. In ya ce bai yi ba, ya ajiye ludayi har abada.

Ranar Juma'a Alhaji ya tashi da himma. Ya dama madarar gari da sukari, ya tuƙa, ya yi gumi har ta cikin hula, ya baza a tire ya yanka, ya kai ɗakin ajiya don ya sha iska. Bayan la'asar ya riƙo hannun Liman daga masallaci har zaure, ya shimfiɗa masa darduma. Saboda zumuɗi bai ko kunna fitilar ɗakin ajiyar ba, ya suri tire ya fito ya dire a gaban malam.

"Bismillah, Allah gafarta Malam. Aikin hannuna ne. Gaskiya kawai nake so."

Liman ya lalubi guda, ya yi bisimilla, ya jefa a baki. Ya tauna. Ya dakata. Idanunsa suka kawo ruwa, amma da yake mutum ne mai kara, ya ci gaba da taunawa a hankali.

"Yaya ka ji shi, Malam?"

"To... akwai ƙamshi," in ji Liman da ƙyar. "Lemon tsami ka sa?"

Alhaji ya yi turus, don shi dai bai sa lemo ba. Kafin ya buɗe baki sai ya ga wani farin abu yana tsattsafowa ta gefen bakin malam yana gangarowa cikin gemu. Daidai nan muryar Hajiya ta taso daga cikin gida:

"Alhaji! Wa ya ɗauke mini tiren sabuluna?"

Zaure ya kaure da salati. Alhaji ya ruga ya ɗauko buta, Liman ya tsuguna bakin kwata yana kurkure baki, kumfa na tashi kamar ana wankin bargo. Duk kurɓar da ya yi sai ta ƙaru. Hajiya na bayan ƙofa tana "Sannu Malam, a yi haƙuri Malam," muryarta na rawa, kowa ya san ba kuka take dannewa ba.

Da ƙura ta lafa Liman ya goge gemu ya lalubi takalmansa zai tafi, Alhaji ya tare ƙofa da wani tiren a hannu.

"Malam, ka rufa mini asiri. Wancan kuskure ne. Ga na gaskiyar nan, in ka tafi ba ka ɗanɗana ba matar nan ta ci ni da yaƙi."

Liman ya dubi sama kamar mai neman agaji, ya koma ya zauna. Ya ɗauki guda, ya sansana shi sosai wannan karon, ya karanta abin da ya karanta, ya kai baki. Haƙori ya ƙi shiga. Ya mayar da shi turmin haƙori na hagu, aka ji ƙas! Ɗacin ƙauri ya gauraye masa baki. Ya runtse ido ya daɗe yana fama, Alhaji na tsugune a gabansa, Hajiya ta kasa kunne ta bayan ƙofa. Da ƙyar ya haɗiye.

"To Malam, tsakaninka da Allah, mene ne hukunci?"

Liman ya miƙa hannu ya ce, "Alhaji, miƙo mini na Hajiya in wanke bakina."