Ranar da na kwashe katin Anti Efuwa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a unguwar Aziziya ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe min sunayen jikokina. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Anti Efuwa 'yar Kumasi ce, tare muke aikin jinya a wani asibiti a nan Doha. Ba Musulma ba ce, amma a gefen zangon Hausawa ta tashi, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ita ta karɓe ni lokacin da na zo daga Kano ban san gabas ba ban san yamma ba, ita ta nuna min inda ake samun daddawa da kuka a garin nan. Abu ɗaya ne bai haɗa mu ba: tana da wasu ƙawaye da suke taruwa su baje katuna masu zane-zane, wai su tarot, suna fassara hotunan. Na ce mata, "Anti, ni gaibu na Allah ne." Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, mu ma hira ce ke kai mu, sai shayi." Daga nan ba mu sake tayar da zancen ba.

Ta tafi gida hutu, ciwo ya kama ta, ba ta dawo ba. Na yi kuka kamar uwata ce ta rasu. Da ƙawayen nata suka shirya zaman tunawa da ita a gidan Marisel, wata 'yar Filifin, suka gayyace ni. Maigidana ya ce, "Ki je ki yi musu ta'aziyya, amma don Allah kada ki taɓa musu kaya." (Ya san halina. Ni ce matar da ke gyara wa mutane labule a gidan suna.)

Na soya waina, abin da Anti ta fi so a duniya, na cika kula, na haɗa da miyar taushe. Na riga kowa isa. Marisel ta rungume ni ta ce in shiga falo, ita tana kicin. Na duba inda zan sauke kula, sai ga wani ɗan teburi a lungu, an shimfiɗa masa ƙyalle mai kyau, amma katuna a warwatse a kai, wani a miƙe, wani a gicciye, ɗaya ma a kife. Na ce a raina, ikon Allah, za a yi baƙi amma ko kwashe karta ba a yi ba.

Sai na taimaka. Na tattara su tsaf, na juyo wanda ke kife don fuskarsu ta zama ɗaya, na haɗa da sauran tulin da ke gefe. Kuma da yake da yayye maza na tashi, hannuna bai tsaya nan ba, sai da na cakuɗa su farrr irin na 'yan karta, har ina yaba wa kaina. Na ɗaure su da robar gashi, na ɗora kulata a tsakiyar ƙyallen.

Mutane suka cika falo. Kowa ya faɗi alherin Anti, aka yi kuka, aka yi dariya. Can Marisel ta miƙe ta ce, "A zamanmu na ƙarshe Efuwa ta shimfiɗa katunanta, ta bar ɗaya a kife, ta ce in ta dawo daga Gana za ta buɗe. Tun ranar ko ƙura ba na sharewa a teburin. Yau za mu buɗe shi tare."

Jama'a! Na so ƙasa ta tsage in shige, amma a hawa na sama muke.

Aka tashi a hankali, ana riƙe da hannun juna, aka nufi lungu. Suka tarar da kular waina.

Marisel ta ɗaga katunan da robar gashina a jiki, ta ce, "Wa ya yi wannan?" Na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. Na ce, "Wallahi gyara na yi." Wata dattijuwa ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. A nan ne abin ya daina zama kunya kawai, ya zama ciwo. Abu na ƙarshe da Anti ta bar musu ke nan, ni kuma na yi masa cakuɗar tashar mota.

Marisel ta share ido ta ce, "Wanda ke kife, kin ga fuskarsa?" Na ce na gani, ai sai da na juyo shi. Duk suka yo kaina. Na ce, "Wani saurayi ne da ƙunshi a sanda, ya ɗaga kai sama yana tafiya, ga rami a gabansa bai gani ba, ɗan kare na binsa."

Suka dubi juna. Dattijuwar nan da ke kuka ta fara ƙyalƙyala dariya, hawaye na zuba. Marisel ta ce, "Katin mai fara sabuwar tafiya ne, ya tafi da ɗan kayansa ba tsoro. Efuwa ke nan." Na ce, "To, Allah sarki. Yaya sunan katin?" Ta ce, "Wawa."

Na ce, "Khalas, shi ke nan, wannan ba na Anti ba ne, nawa ne." Falon ya kece da dariya. Muka zauna a ƙasa muka cinye wainar nan tas, kowa na faɗin yadda Anti za ta yi ta tsokanata da wannan har ƙarshen rayuwata da tana raye.

Har gobe ban yarda kati ya san gobe ba. Amma yanzu in na shiga gidan mutane na ga abu a warwatse, sai in zuba hannuwana cikin hijabi in tambaya tukuna. Robar gashin kuwa Marisel ta hana ni, tana nan a jikin katunan Anti.