Akushin Sadakar Baba

Baba ya rasu da kaka, Allah ya jiƙansa, tun Nasara ba su shigo Damagaram ba. Masassaƙi ne, har daga Dungas ake zuwa neman akushinsa mai adon ɓawon katantanwa. Na ƙudura ranar sadakarsa mutane za su ga ya bar magaji.

Na sassaƙa akushi, na goge ɓawon a dutse. Baba a bayan akushi kawai yake dasawa, ni kuwa na zagaye har cikinsa, na liƙe da ƙaro. Goggo ta ce, "Ɗan nan, ƙaro ba ya shiri da ruwan zafi." Na ce ta bar wa masu sana'a.

Aka zuba tuwo da miyar kuka, na ajiye gaban liman da hannuna. Bai yi nisa ba muka ji ƙaras. Ya ciro ɓawon daga bakinsa tare da ɓarin haƙori, ya dube ni, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka." 

Yau na yi furfura, amma in na miƙa wa taubashina tuwo, sai ya tona da yatsa ya ce, "Magajin Kawu, da ado ko babu?"