Ranar da Disi Ya Durƙusa wa Baba Imoro

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na zama Bature ba, ko na so in manta mutanen Sabonjida, unguwarmu a Tamale, ba za su bar ni ba. A shekarar da aka sauke tutar Ingila ƙasarmu ta zama Gana ne. Lokacin ni tela ne, keke ɗaya gare ni sai baki kamar na mutum goma, kuma ina neman auren Adiza, 'yar Baba Imoro mai goro. Iyayena sun kai gaisuwa, wata biyu dattijon bai ce i ba, bai ce a'a ba. Abin da ya dawo kunnena kawai shi ne wai yana nan yana duba hankalin yaron.

Ana cikin haka Tica Fuseini, malamin makarantar unguwarmu, ya tara samari ya ce za a yi wasan kwaikwayo na murnar samun 'yanci. Ni ɗinkin labule aka kira ni, amma da Tica ya ji ƙarfin muryata sai ya ce ya sami Disi, wato Baturen da ke mulkin gunduma. Labarin gajere ne. Disi ya zo gari ɗibar mutane aikin hanya na tilas, wani tsohon manomi ya hana ɗansa, Disi ya zage shi tas, daga ƙarshe gari ya tashi ya kore shi. Abokina Isaka ne tsohon, da gemunsa na auduga.

Sati uku Tica yana gasa mana gyaɗa a hannu. "Kar ka ba mutane baya," in ji shi. "Muryanka ya kai benci na ƙarshe. In ka hau katako ba ka da uba, ba ka da uwa, kai Disi ne sai labule ya rufe." Wannan ta ƙarshen na fi haddacewa, har ina karanta wa wasu ina hura hanci. Don kada in juya baya, Tica ya tsara Isaka ya durƙusa a bakin dandamali, ni in tsaya bayansa ina fuskantar jama'a, in nuna shi da sanda in ce, "Rufe mini baki, tsohon banza." Ni da kaina na ƙara "mai jan haƙori" don a yi dariya (ba wanda ya aike ni, Allah shaida).

Ranar wasa aka jera katakai a kan gangunan kananzir a filin makaranta. Aka shafe mini fuska da farar ƙasa, na sa gajeren wando, safa har gwiwa, hular Turawa mai kama da akushi, da takalmi sau-ciki na aro wanda ya matse ni. Fitowata ta farko ta yi kyau. Tsofaffi suna tsaki, yara suna yi mini daƙuwa, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Sai aka zo wurin zagin. Na ɗaga sanda, na cika ƙirji da iska, na duba ta saman kan Isaka. A bencin gaba, wanda ɗazu babu kowa a tsakiyarsa, Baba Imoro ne zaune, daidai saitin bakin sandata. Mutumin da ko kiɗan suna ba ya tsayawa kallo. Yana tauna goro, ya zuba mini ido.

A wurinmu, in ka hango wanda kake neman 'yarsa, tun daga nesa kake tuɓe takalmi ka durƙusa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka ɗaga murya. Ga ni tsaye bisa kansa da gwiwoyi a waje, kuma abin da ke bakina zagin tsoho ne mai jan haƙori. Duk Tamale ban san haƙorin da ya kai nasa ja ba.

Na tsaya cak da sanda a sama. Isaka ya motsa gemu ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, zage ni mana. Gwiwana na ciwo." Tica, da yake ya zaci mantuwa na yi, ya fara tuna mini daga bayan labule. "Tsohon banza," ya raɗa. Ban motsa ba. Ya ƙara murya, "Tsohon banza mai jan haƙori." A karo na uku har bencin gaba sun ji. Gumi yana ta zana mini layuka a cikin farar ƙasar, ni ba abin da nake gani sai Adiza tana suɓuce mini.

Ban san lokacin da jikina ya yanke shawara ba. Na ajiye sanda, na cire hula, na shiga kokawa da takalmi ina tsalle da ƙafa ɗaya. Ɗaya ya fita, ɗaya ya ƙi. Haka na zube kusa da Isaka na ce, "Baba, ina wuni. Yaya kasuwa?"

'Yan baya suka ɗauka cikin wasan ne, suka kaure da ihu wai Bature ya durƙusa, wata mata har da guɗa. 'Yan gaba kuwa sun san komai, suna dariya har da riƙe ciki. Baba Imoro bai amsa gaisuwata ba. Sai da hayaniya ta lafa ya ce, "Tela, an ba ka aiki ko ba a ba ka ba?"

"An ba ni, Baba."

"To ni ban zo gaisuwa ba. Ni na ɗauki dutse a kaina a aikin hanya, na ga Disi da idona, bai taɓa cire takalmi ma kowa ba. Tashi ka yi shi daidai, yara su san abin da muka gani. Wanda aka ba aiki ya ajiye don ya ga ido, ban san yadda zai riƙe gida ba."

Kunyar da na ji ta fi ta farko, amma yanzu na san inda aurena yake. Na miƙe da takalmi ɗaya, na ɗauki sanda, na rufe ido na zabga zagin nan da muryar da na tabbata an ji ta har unguwar Kukuo, har da jan haƙorin. Da na buɗe ido na ga dattijon yana gyaɗa kai. Samarin da suka kore ni daga dandamali kuwa sun yi aikinsu fiye da yadda aka koya musu.

Bayan kwana uku saƙo ya zo gidanmu: a gaya wa Disi an ba shi Adiza. Har Baba Imoro ya bar duniya bai sake kira na da wani suna ba, kuma duk safiyar da na durƙusa gaishe shi sai ya washe haƙoran nan ya ce, "Tsohon banza na amsawa." Tun daga ranar, in za ka hau katako shawarata biyu ce: ka leƙa bencin gaba kafin a ja labule, kuma kada ka ƙara wa zagi gishirin da ba a sa ka ba.