Rasuwar Alhaji Dabo Ta Farko

Duk faɗin ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure, babu wanda ya san sirrin hoto kamar Alhaji Dabo. Ba ƙage nake masa ba, shi da bakinsa ya faɗa, kuma ya sha faɗa. Asalinsa dillalin gero ne, amma tun ranar da ya sayi tsohuwar kwamfutar Jude mai safayar babur ya koma Injiniya. 'Yan kasuwa suka ga sunan ya yi masa kaɗan, suka ƙara masa da Sarkin Kwaskwarima.

A cikin kwamfutar ya tsinci manhajar gyaran hoto da tarin firam-firam na albam, masu furanni da gurbin da mutum zai cusa fuskarsa. Shi ke nan gero ya shiga uku. Mai saye na tsaye, Injiniya na goge ƙurji a hoto.

"Ku kallon hoto kuke yi," in ji shi ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. "Ni ƙera shi nake yi. Wannan ilimi ko a Kano sai an tona."

Da kujerar shugaban ƙungiyar dillalan hatsi ta faɗi, Dabo ya ce tasa ce. Abokin takararsa Zakiyyu ya bi rumfa-rumfa yana gaida dattawa. Dabo ya ce wannan aikin mutanen da ne, shi albam zai yi na tarihin rayuwarsa, duniya ta gani ta yi hukunci.

Aiki kuwa ya yi shi. Tumbi ya koma ciki. Haƙorin da ya fita tun zamanin soja ya dawo bakin aiki. Fata ta yi fes kamar ta ɗan Madina. Sannan ya ɗora wa goshinsa tabon sallah, ya ga bai isa ba, ya ƙara. Tunda Shari'a ta zo ba a taɓa ganin goshin da ya samu karɓuwa cikin sauri haka ba. Matarsa Kubura ta leƙo ta ce, "Alhaji, ƙuna ka yi?" Ya ce mata ta koma kicin, fasaha ba ta mata ba ce.

Saura bangon albam. Ya bi firam ɗin Jude ɗaya bayan ɗaya har ya faɗa kan wanda ya dace da darajarsa: gajimare, fararen tattabaru, haske na saukowa daga sama. Akwai rubutun turanci da ruwan zinare, Injiniya ya fassara wa kansa: Kira Zuwa Ga Ɗaukaka. Ya ce ai kamar don shi aka rubuta. A ƙasa ga gurabe biyu, fitowar rana da faɗuwar rana. A na farko ya sa shekarar haihuwarsa. A na biyu ya sa ranar zaɓe, tunda a ranar ce ranar Zakiyyu za ta faɗi.

Da sassafen ranar zaɓen ya tura hoton bangon zuwa zauren ƙungiya na waya, ya kashe wayar don babban mutum ba a samunsa da sauƙi, ya hau mota zuwa Katsina karɓo babbar rigar rantsarwa.

Jude, wanda Dabo ya tura wa shi ma don ya ga gwaninta, shi ne ya fara gani. Ya gane firam ɗin nan take, da shi ya sanar da mutuwar kawunsa. Ya rufe shago ya ruga kasuwa yana cewa Alhaji ya tafi. Aka kira waya, a kashe. Aka ce hatsari ne a hanyar Katsina. Kubura ta zube a tsakar gida tana kuka na gaskiya, abin tausayi, don duk da halinsa tana son abinta. Dattawa suka taru, aka yi addu'a, aka duba hoton aka ce ashe bawan Allah ne ba mu sani ba. Har Zakiyyu ya share hawaye, sannan ya karɓi kujerar babu hamayya.

Bayan la'asar ɗan acaɓa ya sauke Injiniya a ƙofar gida, riga na ƙyalli. Ya ga tabarmi, ya ga jama'a maƙil. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na gode, na gode! Wannan nasara ba tawa ba ce ni kaɗai!"

Masu ƙafa suka watse, wani ya bar takalmi. Jude ya matso a hankali ya taɓa hannun rigar. "Alhaji, kai ne? Wannan firam na gawa ne fa. Mu a coci muke liƙa shi."

Da ya ji har an ba Zakiyyu kujera, Dabo ya ce ƙarya ne, ya ce makirci ne, ya ce a sake zama yanzu-yanzu. Ya juya ga Malam Kalilu, dattijon ƙungiya, wanda ciwon gwiwa ya hana shi gudu.

"Malam, ga ni da raina! An ce kun yabe ni da safe. To wanda kuka yaba shi za ku ba kujera!"

Malam Kalilu ya dubi hoton a waya, ya ɗaga kai ya dubi goshin Dabo, sumul kamar bayan ƙwarya.

"Alhaji, mu wanda muka yaba mai tabon sallah ne, Allah ya jiƙansa. Kai sai ka jira naka."